Ya Cika 18 a Takarda, Aka Yanke Masa Magani: Nazarin Lamarin Wani Gida a Agege

Wannan rubutu a kan gida ɗaya ne, gidan wani direba da ke aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a nan Legas, ɗan asalin ƙasar Katsina, mazaunin Agege. Maganarsa ta zo gaban kwamitin taimakon marasa lafiya na masallacin unguwarmu, inda ni ke riƙe da littafi. Da izininsa na rubuta, bisa sharaɗin a sakaya sunaye. Malam zan kira shi, kamar yadda iyalinsa ke kiransa. Na rubuta ne domin sauran kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan Arewa na Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, don na tabbata akwai irin wannan gida a kowace unguwarsu.

Gidan da katin

Ban da shi kansa, mutum goma ne ke ci daga albashin Malam: mata biyu, 'ya'ya bakwai, da mahaifiyarsa, Inna, wadda ya ɗauko daga gida bayan rasuwar mahaifinsa. Inna tana da hawan jini. Ɗansa na biyu, wanda wannan nazari ya fi shafa, yana da farfaɗiya.

Yaron ya kamu da sanƙarau a 2009, shekarar da annobar ta yi ɓarna a jihohin Arewa, lokacin uwarsa ta kai shi ganin gida. Allah ya yi da sauran kwanansa ya tashi, sai dai ciwon ya bar masa faɗuwa da nauyin fahimta. Da ƙyar ya gama firamare. Yana zama a shagon wani tela yana ɗinke maɓalli, amma ba a barinsa ya hau babur ko ya tsallaka titin Abekuta shi kaɗai. Ƙwaya ce ke riƙe da shi, kabamazefin, wadda aka fi sani da sunan kamfani Tegretol, safe da dare, kullum. Muddin yana sha a kan lokaci, yakan yi watanni bai faɗi ba.

Malam yana cikin tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya, wanda ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo da sunan NHIS, aka mayar da shi NHIA bayan dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022. Ƙa'idar tsarin ba ɓoyayya ba ce: ma'aikaci, matarsa ɗaya, da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ke nan tun ranar cike fom, amarya da 'ya'ya uku da Inna suna waje. Malam ya ce mini abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne zaɓen huɗu daga cikin 'ya'yansa, amma a kan mai farfaɗiyar babu wanda ya yi gardama, har amarya.

Wanda sunansa ke cikin tsarin yana biyan kashi goma cikin ɗari na kuɗin maganin da likita ya rubuta, matuƙar maganin yana cikin jerin da hukuma ta amince da shi. Da haka gidan ya yi shekaru yana karɓar ƙwayar wata guda da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da yadda kuɗin ke tafiya, don shi ne zai bayyana abin da ya faru. Asibitin da mutum ya zaɓa ba a kan kowace zuwa ake biyansa kuɗin duba marasa lafiya na matakin farko ba. Ana ba shi wani adadi ne a kan kowane suna da ke cikin jerin da kamfanin da ke tsakani, wato HMO, ya aiko masa. In ana bukatar babban likita, sai kamfanin ya ba da lambar izini. Don haka katin da ke hannunka ba shi ne hujja ba, jerin sunayen shi ne hujja. Sunan da ya fita, babu wanda zai biya asibiti a kansa, kuma ma'aikaciyar da ke bakin tebur ba ta da ikon mayar da shi.

Janairun 2024

Uwar yaron ta kai shi karɓar magani kamar kullum a farkon shekarar. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce sunansa ba ya ciki. Uwar ba ta jin Turanci sosai, Yarbancinta na cefane ne. Abin da ta ɗauko ta kawo gida shi ne, "Malam, sun ce katin yaron nan ya mutu." Sai da Malam ya samu sarari daga wurin aiki ya je ofishin kamfanin aka gaya masa dalili: yaro ya cika 18.

Malam ya ce bai cika ba. Kuma gaskiyarsa. A watan Azumi aka haifi yaron, a 2006, kuma Azumin shekarar ya kama ne daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba. Amma a gida aka haife shi, ba a karɓi takardar haihuwa ba. Da aka zo yin takardar rantsuwar shekaru a kotu, mai rubutun ya tambayi rana, Malam bai riƙe ta da lissafin Bature ba, sai aka sa 1 ga Janairu. Wannan ranar ce ta shiga fom ɗin inshora, ita ce kuma ta shiga NIN daga baya. Da alƙalamin wani akawu yaron ya rasa wajen wata tara na magani.

Mai karatu zai ce, yaya aka yi Malam bai san ƙa'idar ba, bayan yana da babban ɗa? Babban ɗan ya fita daga jerin shekaru kaɗan kafin nan, babu wanda ya lura, domin lafiyarsa ƙalau, yana dakon tumatir a Mile 12, bai taɓa neman asibiti ba. Ba a aiko wa Malam da takarda ba a wancan karon, ba a aiko masa da saƙon waya ba a wannan. Abin da ke faruwa ke nan a gidaje da yawa: fitar lafiyayye ba ta da ƙara, sai ta zo kan mai ciwo ake jin ta.

Lokacin kuwa bai yi wa kowa daɗi ba. An saki naira ta nemi darajarta a kasuwa tun Yunin 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, takwaransa Sanofi ya biyo baya kafin ƙarshen shekara, naira ta sake faɗuwa a farkon 2024. Duk wanda ke sayen maganin ciwo mai daɗewa a lokacin ya san yadda farashi yake canjawa tsakanin sati da sati. Gidan da ya saba biyan kashi goma ya wayi gari yana biyan kashi ɗari na farashin da shi ma ya ninka.

Uwar ta yi abin da kusan kowace uwa za ta yi. Ta sayi na sati biyu a kemis, ta fara raba ƙwayar biyu don ta kai wata. Ba ta gaya wa Malam ba, don ta ga halin da yake ciki. Maganin farfaɗiya kuwa ba a yi masa haka. Aikinsa ya dogara ga yawansa a cikin jini ya tsaya daidai. In aka rage shi da ka, ko aka yanke shi farat ɗaya, faɗuwar na iya dawowa fiye da da, har ta kai ga irin wadda ba ta tsayawa. Faɗuwar da ta wuce minti biyar ta gaggawa ce, asibiti ake nufa da ita.

Azumi ya kama a cikin Maris. Yaron ya dage sai ya yi, tunda an ce masa ya girma, kuma ƙannensa ma suna yi. Ga rabin ƙwaya, ga sauyin lokacin sha, ga ƙarancin barci. A satin farko, wajen sahur, ya faɗi a bakin risho, tukunyar ruwan zafi ta kife masa a hannu da kafaɗa, jijjigar kuma ta ƙi tsayawa. Aka kwashe shi zuwa wani asibitin kuɗi mafi kusa, aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a ba shi gado. Malam ya ci bashi a wurin abokan aiki, uwargida ta sayar da 'yan kunnenta. Abin da aka kashe a kwanakin nan ya fi ƙarfin abin da za a biya a yi wa yaron rajista na shekara guda nesa ba kusa ba. Bayan sallar asuba ta wata Juma'a Malam ya tsayar da liman ya faɗa masa, liman ya turo shi wurinmu.

Shawarwarin da aka ba shi

Kafin ya zo mana, an riga an ba shi shawara iri biyu. Wasu maƙwabta sun ce iska ce, a bar asibiti a koma ruƙiyya. Liman da kansa ya amsa wannan: a yi addu'a, a sha magani, ɗaya ba ya korar ɗaya. Ya kuma zaunar da yaron ya ce masa, "Ɗana, Allah ya ɗauke wa mara lafiya azumi, shan maganinka a kan lokaci ba zunubi ba ne." Daga bakin liman ne kawai yaron ya yarda.

Shawara ta biyu ta fi haɗari, don tana kama da dabara. Wani ya ce a je a sake takardar rantsuwa a rage masa shekara uku. Mun hana. Ƙarya ce a gaban kotu, wannan ɗaya. Na biyu, yanzu komai a ɗaure yake da NIN, kuma takardu biyu masu ranar haihuwa daban-daban matsala ce da za ta bi yaron har banki, har rabon gado. Na uku, ko an yi nasara, shekara uku za su zo su wuce, ciwon yana nan. Hatta gyaran ranar zuwa ta gaskiya, wanda haƙƙinsa ne, mun auna muka ga kafin a gama zirga-zirgarsa da kuɗinsa Oktoba ta ƙarato. Abin da ake nema shi ne wurin da yaro zai tsaya a matsayinsa na babba mai dogaro da wani.

Ƙofofin da muka duba

Akwai tsarin ɗaliban manyan makarantu, TISHIP, wanda yakan karɓi matasa da yawa bayan sun fita daga katin iyayensu. Wannan yaro ba zai je jami'a ba. Akwai GIFSHIP, wanda hukumar tarayya ta buɗe a 2020 don mutum ɗaya, iyali ko ƙungiya su biya da kansu. Akwai kuma tanadin ƙarin mutum a kan katin ma'aikaci: ya biya wani kuɗi daban duk shekara a ƙara masa wanda bai shiga cikin shidan farko ba.

Sai tsarin jihar Legas, Ilera Eko, wanda hukumar LASHMA ke gudanarwa. An yi dokarsa a 2015, Gwamna Ambode ya ƙaddamar da shi a Disambar 2018. A lokacin mutum ɗaya naira 8,500 yake biya a shekara, iyali mai mutum shida naira 40,000. An ƙara kuɗin daga baya. A Yulin 2024 Gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a kan umarnin da ya wajabta inshorar lafiya ga mazauna jihar. Da na ambaci tsarin, abin da Malam ya fara cewa shi ne, "Ai wannan na 'yan ƙasa ne." Na sha jin haka daga bakin mutanenmu, kuma kuskure ne mai tsada. Zama a Legas shi ne sharaɗi, ba asali ba. Bahaushen da aka haifi kakansa a Zangon Agege da wanda ya sauka bara ya kama haya, duk mazauna ne, duk kuma suna biyan haraji da kuɗin tikiti a kasuwa kowace rana. Amma shi ma wannan tsari, iyalin da ya sani shi ne miji, mata da 'ya'ya. Kaka ba ta ciki, kishiya ba ta ciki. Kowaccensu sai dai ta shiga da sunanta, da kuɗinta.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce ta marasa galihu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wani ɓangare nasa kuma yana bi ta hannun hukumomin inshorar jihohi a biya wa talakawa. Dokar 2022 ta ƙara da asusun masu rauni. Legas tana da ofishin kula da masu naƙasa, LASODA. A nan ne lamarin yaron ya fi ba ni tausayi. In an duba shi a kan kansa, ba shi da sisi, ba shi da sana'ar da za ta ciyar da shi. In an duba gidansu, ɗan ma'aikacin gwamnati ne mai albashi. Ya yi girma da katin ubansa, ubansa kuma bai talauce yadda za a lissafa shi cikin marasa galihu ba tare da dogon bayani ba. Mun fara bin wannan hanya, amma ba mu jingina maganinsa a kanta ba.

Abin da aka yi

Ga yaron, mun zaɓi a ƙara shi a kan katin ubansa. Dalilin ba arha ba ne. Fayil ɗinsa na shekara da shekaru yana asibitin, likitan da ya daidaita masa yawan ƙwayar ya san shi, kuma mun riga mun san maganinsa yana cikin jerin. Ga mai farfaɗiya, sauya asibiti da sauya irin ƙwaya ba ƙaramin abu ba ne. Kwamiti ya biya rabi, babban wansa ya kawo rabi daga kuɗin dako.

Biyan kuɗi ba ya nufin gobe a karɓi magani. Akwai lokacin jira kafin suna ya fito a jeri. Wannan tazara ita ce mutane ke mantawa da ita, irin wannan giɓi na rashin magani ne kuma ya ƙona hannun yaron tun farko. Saboda haka muka sayi maganin watannin jiran gaba ɗaya, daga kantin magani mai rajista, muka duba lambar NAFDAC. Wani ya kawo shawarar a shiga kasuwar Idumota a samo mai sauƙi. Mun ƙi, domin jabun maganin farfaɗiya daidai yake da rashinsa, har ya fi muni, tunda uwa za ta kwanta da tunanin ɗanta ya sha.

Ga Inna, Ilera Eko muka yi mata ita kaɗai. Sai da aka fara nema mata NIN da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, don ba ta da ko ɗaya. Kafin a biya, mun je cibiyar lafiyar da za a zaɓa mata muka tambaya baki da baki ko suna ba da maganin hawan jini a ƙarƙashin tsarin. Yanzu tana karɓar amlodifin ɗinta a can, ana auna ta. Da da ne, sai kanta ya yi ciwo take aiken jika kemis ya sayo na kwana uku. Da Malam ya gaya mata an gama, cewa ta yi, "Allah ya yi maka albarka, amma yarinyar nan fa?" Amarya take nufi, wadda ke da ciki a lokacin. Ita ma an yi mata daga baya. 'Ya'ya ukun da ke waje har yanzu suna waje.

Inda nake ganin gyara

Ba na cikin masu cewa iyakar shekaru zalunci ce daga tushe. Asusun inshora tukunya ɗaya ce da kowa ke zubawa, in aka bar mutum ɗaya ya zuba ya ɗebi na goma sha ɗaya, za ta ƙare kafin ta kai ga na baya. Lokacin jira ma yana da dalili: in babu shi, babu mai biya sai ranar da ya kwanta. Na yarda da waɗannan.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka duk wanda ya cika 18 ya tsaya da ƙafarsa. An gina ƙa'idar a kan yaron da zai gama sakandare ya shiga jami'a ko ya kama aiki. Mai farfaɗiya irin wannan, mai sikila, mai taɓin ƙwaƙwalwa, wanda shan inna ya naƙasa, ba su san wannan hanya ba. Ranar da suka cika 18 bukatarsu ga magani ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba. Wasu ƙasashe sun kalli wannan. A Amurka, tun dokar 2010, ɗa yana iya zama a kan inshorar iyayensa har shekara 26. A Ingila, mai farfaɗiyar da ke shan magani a kai a kai yana cikin waɗanda ake yafe wa kuɗin maganin da likita ya rubuta, ko shekarunsa nawa. Ba ina cewa muna da kuɗinsu ba ne. Amma ware waɗanda likitan gwamnati ya tabbatar ba za su iya riƙe kansu ba, a bar su a kan katin iyayensu, ba zai karya asusu ba, don ba su ne masu yawa ba.

Wanda ya fi wannan sauƙi ma shi ne sanarwa. Ranar haihuwar kowane yaro tana cikin kwamfutarsu, lambar wayar ubansa tana ciki. Saƙo ɗaya wata uku kafin ranar, da Turanci da Yarbanci da Hausa, ya isa ya sa Malam ya biya kuɗin ƙarin mutum tun Oktoban 2023, sunan ya fito kafin Janairu, babu raba ƙwaya, babu ƙuna. Gwamnatin da ta wajabta wa mutane shiga tsari, wajibi ne a kanta ta gaya musu ranar da za ta fitar da su.

Mu ma da namu. Tun daga wannan lamari, duk wanda ya zo kwamiti da mai ciwo mai daɗewa a gidansa, tambayar farko da muke yi ita ce ranar haihuwar da ke kan takarda, ba wadda uwa ta riƙe a ka ba. Mun buɗe shafi a littafi muna rubuta ranakun sabunta rajista, muna tuna wa masu gida kafin lokaci. Mun riga mun gano gidaje biyu masu 'ya'ya masu sikila da ke dab da shekarun.

Yaron ya koma shagon tela, hannun ya warke da tabo, faɗuwar ta lafa tun da ya koma cikakkiyar ƙwaya. Sai dai matsayinsa na yanzu rataye yake da aikin ubansa. Ma'aikacin tarayya yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a aiki, duk wanda ya riga zuwa, kuma Malam saura masa 'yan shekaru. Mun zauna da shi da babban ɗansa a kan haka. An tsayar cewa wan zai shiga adashin wata-wata da sunan ƙaninsa, kuma shekara guda kafin Malam ya yi ritaya za a yi wa yaron rajistar kansa, a GIFSHIP ko Ilera Eko, bayan an tabbatar da wanne ne ke ba da ƙwayarsa, domin sabon katin ya fara aiki tun tsohon bai mutu ba. Takardar likita da za a kai LASODA tana hannun Malam, ana jiran ranar da zai samu hutu daga tuƙi.